Ƙusa Takwas a Bangon Matakala

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na dawo gida daga asibiti jiya da la'asar. Kwana huɗu tagogin bene suna rufe, tun daga bakin ƙofa na ji warin. Baƙo zai ce ƙamshin tsohon gini ne. Ni na san danshi ne ya fara tasowa daga sito.

Gidan nan shekararsa ɗari da sittin, kuma da tagogi tara yake numfashi. Huɗu na gabas ana buɗe su ƙarfe bakwai, a rufe su idan rana ta kai kan rumfar mahauta. Daga nan a buɗe biyar na yamma har inuwa ta cinye titi. Haka kakana ya yi, haka mahaifina ya yi, haka nake yi tun ina saurayi. Idan aka bar su, sito ya jiƙe, shafen bango ya fara kumbura.

Na hau na buɗe su. Matakala goma sha bakwai ce. Ban duba agogo ba.

Auta, 'yata, ta kwana a nan. Ta zauna tana karanta min abin da likita ya ce, ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata wannan likitan ko haifarsa ba a yi ba lokacin da hukuma ta kafa allon tagulla a ƙofar gidan nan. Ta ce, "Baba, allon tagulla ne ya ɗauko ka ran Talata?"

Maganar ran Talata ta wuce. Lafiyata ƙalau.

Lahadi, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar kasuwa. Baƙi uku sun zo ganin gida, mata biyu da wani mai tabarau. Na nuna musu sito da babban sikelin kakana, sannan na kai su gindin matakala, wurin da kowa yake yin shiru.

A zamanin kakana kayan tsada a bene ake ajiye su. 'Yan dako suna hawa da buhu a baya, matakalar kuwa matsattsa ce tsakanin bango biyu, don haka kowa yakan jingina kafaɗarsa yana tafe. Mai hawa ya goga bangon hagu, mai saukowa ya goga ɗayan. Shekara da shekaru ana haka, har shafen ya yi santsi, ya yi baƙi yana sheƙi, layi guda a kowane gefe daga ƙasa har sama. Ba magini ne ya yi shi ba, kafaɗun mutane ne. Masana sun rubuta cewa a duk yankin nan babu irinsa. Mai tabarau ya miƙa hannu zai shafa, na ce masa da ido ake taɓa shi.

Yau daga ƙasa na yi musu bayani, na bar su suka hau su kaɗai. Daga ƙasa ma an fi ganin sheƙin.

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mai Agogo ya tsallako titi da kujerarsa. Shagonsa yana kallon ƙofata shekara talatin da biyar, kuma har yau bai kira ni da sunana ba. Gidan Waya yake ce min, saboda a can na yi aikina har na ajiye.

Ya ce, "Gidan Waya, ka lalata min sana'a. Da tagarka nake saita agogunan mutane. Yau bakwai da kwata ka buɗe, na mayar da agogo shida baya."

Na ce agogunan da ya gyara dama ba su taɓa yarda da juna ba.

Ya yi dariya, sannan ya shiga juya makullin gidana da nake ajiyewa a wurinsa. Ya ce, "Ran nan da na ga bakwai ta wuce, takwas ta kusa, tagogi a rufe, sai na ɗauko makullin nan na tsallako. Simintin nan da sanyi, mutumina. Tun asuba kana kwance a gindin matakala?"

Na tambaye shi labarin jikarsa da ta haihu. Ya gane, ya ba ni labarin.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta zo da kafinta ba tare da ta gaya min ba. Mutum mai ladabi, na san mahaifinsa. Ya gaishe ni, ya zaro ma'auni, ya hau yana saukowa. Ya ce zai sa ƙarfen dafawa a bango ɗaya, daga ƙasa har sama. Ƙusa takwas, manya, masu shiga dutse. Na tambaye shi a wane tsayi. Ya nuna da yatsa, ƙasa kaɗan da layin kafaɗu.

Na ce masa, "Idan ka huda nan, shafen zai tsaya?"

Ya kalli Auta, ya kalle ni. Ya ce, "Gaskiya, Baba, tsohon shafe ne. Kowace huda sai ta ɓantare kamar tafin hannu. Amma zan cike."

Na ce ya sha ruwa ya gaida mutanen gida.

Bayan ya tafi Auta ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu, kamar mahaifiyarta. Ɗakin kwanana yana sama, madafa da bayan gida suna ƙasa, sau biyar ko shida nake sauka a yini, ta ƙirga min su da yatsu. Sito ba ya zaunuwa saboda ƙirjina, wannan ni ma na sani. Ta ce, "Baba, zuwa ƙarshen wata. Ko a sa ƙarfen nan, ko ka dawo wurina. Ɗakin yana nan, an share. Ba zan sake karɓar irin kiran wayar nan ba."

Na ce akwai ƙa'ida ta bakwai, wadda ta hana huda bango. Ta ce ta san ƙa'ida ta bakwai tun kafin ta san karatu.

Lafiyata ƙalau.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe tara na safe

Goma sha bakwai. Minti shida.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na ɗauko takardar yarjejeniya daga akwati na sake karantawa, duk da na haddace ta.

Yaran yanzu sun ɗauka gidan nan tsayawa ya yi da kansa. Ba su san an taɓa shafa masa jan fenti a ƙofa ba, za a rushe shi a faɗaɗa tashar mota. Takarda talatin da ɗaya na rubuta wa hukumar kula da gine-ginen tarihi cikin shekara shida, da alƙalamin tawada, ba gogewa ko ɗaya. A makarantarmu idan ka goge, sai ka sake shafin gaba ɗaya. Shugaban hukumar na lokacin ya zo da kansa, ya ce ya zo ne ya ga mai wannan rubutu. Ya hau matakala, ya sauko, ya cire tabarau ya goge. Wata uku bayan nan aka kafa allon.

Da aka zo rubuta sharuɗɗa, sai ya ce ni na fi sanin gidan, in tsara. Gida ya koma ƙarƙashin kulawar hukuma, ni kuma in zauna a ciki muddin ina so. Ƙa'ida tara na rubuta. Ta bakwai ta ce: ba za a buga ƙusa ko a huda bango ba, ko don wane dalili.

A ranar akwai wanda ya ce in cire ƙarshen, in bar ƙofa a buɗe don wata rana. Ba zan rubuta wannan yau ba.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Kasuwa ta cika. Daga tagar yamma ina ganin rumfunan masu tukwane har zuwa masu kaji. Mai sayar da igiya ya ɗaga min hannu, na ɗaga masa. Duk wanda ya shigo garin nan ya tambayi hanya, da gidan nan ake yi masa kwatance.

Na daina shan shayin la'asar. Ba don komai ba. Ruwan ma na rage.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ashe Auta ta rubuta wa hukuma. Yau suka turo jami'arsu, injiniya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba. Na shirya in ƙi ta, amma da ta zo gindin matakala sai ta sauke jakarta daga kafaɗa ta riƙe ta a gaba don kada ta goga bango. Ba wanda ya gaya mata. Wannan na lura da shi.

Ta daɗe tana ƙwanƙwasa shafen da bayan yatsa, kunnenta a kusa. Ta ce kafinta ya faɗi gaskiya, zai ɓantare. Ta ce ƙarfe mai tsayawa da ƙafarsa ba zai yiwu ba, wurin ya yi ƙunci, kuma katakon matakalar ma yana cikin abin da aka kare. Na ce to magana ta ƙare.

Ta ce, "Ba ta ƙare ba, Baba. Kwamiti yana da ikon ba da izini na musamman. Ni zan ba da shawara a ba ka."

Na ce, "Kin karanta ta bakwai?"

Ta ce, "A makaranta ma an koya mana ita. Ban san kai ka rubuta ba sai da na buɗe fayil."

Na ce to ta san ba a bar wa kwamiti ƙofa ba. Ta ce mutum ya fi shafe. Na ce mata mutanen da suka yi wannan layin su ma mutane ne, kuma ba abin da ya rage nasu a duniya sai shi. Ta rubuta wani abu a littafinta. Na raka ta har bakin ƙofa, a tsaye, ba sanda.

A makaranta ake koyar da ita. Ban taɓa sani ba.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na rubuta wa kwamiti takardar ƙin amincewa, shafi biyu. Hannuna ya ɗan yi gardama, sai da na sake shafin farko sau uku. Na ba Mai Agogo ya kai min gidan waya.

Ya karanta adireshin, ya ce, "Tsaya. 'Yarka ta roƙa maka izini, kai kuma ka rubuta a hana ka?"

Na ce haka ne.

Ya ce, "Na ga masu kai ƙarar maƙwabci, na ga masu kai ƙarar suruki. Mai kai ƙarar kansa, yau na fara gani. Idan ka ci shari'ar wa za mu taya murna?"

Na ce ya sa kan sarki daidai, kada ya manna shi a karkace kamar yadda yake manna lambobin agogo.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An yi ruwa, tagogi a rufe, ba abin yi. Bari in rubuta.

Ƙanena ne ya ce in cire ƙarshen ƙa'idar. Tela ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a ɗakin da nake zaune yanzu aka haife mu. Bayan an kafa allo da wasu shekaru yana zaune da iyalinsa a ɗakin yamma, kekensa a gindin taga. Yadudduka suka yi masa yawa, ɓera yana ci a ƙasa. Wata rana na dawo daga aiki na tarar ya kafa kantar ɗora yadi a bango. Ƙusa shida.

Na ce ya cire. Ya ce gidan ubansa ne. Na ce gidan ya fi ƙarfin ni da shi yanzu. Washegari na rubuta wa hukuma, da wannan alƙalamin. Suka zo, suka cire kantar a gaban matarsa da 'ya'yansa, suka ba shi takardar gargaɗi. Kafin sati ya kwashe kayansa ya koma bayan tasha.

Shekara ashirin da shida. Muna gaisawa a wurin jana'iza.

Abin da na yi bisa ƙa'ida na yi shi.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na sauko a zaune, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya gani.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Amsar kwamiti ta zo. Sun ba da izinin huda takwas, "saboda yanayin mazaunin gidan". Takardata sun ce sun karanta da girmamawa, sun sa a fayil.

Mazaunin gidan. Shekara shida ina koya musu darajar bangon nan, yau sun ba da shi a zama ɗaya.

Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin butar shayi, dama ba amfani nake da ita ba.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Auta ta zo da murna, injiniya ta gaya mata ta waya. Ta ce kafinta zai zo ran Asabar. Na ce izini suka bayar, ba umarni ba, kuma muddin ina cikin gidan nan ba wanda zai shigo da guduma.

Ta zauna a kan matakala ta ƙasa. Da farko a hankali take magana. Ta ce ta ga leɓena ya bushe, ta ga tulun ruwa bai ragu ba tun Lahadi, ta ce ba yarinya ba ce ita. Ta ce wandona ya goge ta baya, ta san abin da ke goge wando haka. Daga nan murya ta tashi. Ta faɗi abin da ta faɗa game da mahaifiyarta, da gwiwarta, da shekarun da ta yi tana hawa da bokiti ba abin dafawa, ba ta taɓa buɗe baki ta roƙa ba saboda ta san amsar.

Ba zan rubuta sauran ba. Gaskiya ne.

Ta tafi ba ta yi min sallama ba, ta dawo daga bakin titi ta yi, ta sake tafiya.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na sauka da asuba, ban koma sama ba sai yanzu. Na zauna a tsakar gida ina shan iska. Tagogin gabas ba a buɗe su ba yau. Mai Agogo ya leƙo sau biyu, na ce masa hadari nake gani. Ya ɗaga kai ya kalli sama, ba ko ɗigon gajimare, ya ce, "Ni ma na gan shi."

Lafiyata

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ba kafinta ne ya zo ba.

Ina zaune a bene na ji ana hawa, a hankali, da ƙarar sanda. Na ƙirga. A ta tara aka huta, inda nake hutawa. Da kan ya ɓullo sai na ga mahaifinmu, sannan na ga ƙanena ne. Ya tsufa. Ba wanda ya gaya min ya tsufa haka.

Ya ce, "Yaya, wannan matakalar ƙara mata aka yi?"

Na ce goma sha bakwai ce kamar yadda ya bar ta.

Ya zauna yana haki. Auta ce ta je ta same shi, bai ɓoye ba. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, na ce ƙalau, ya ce ya gani. Sannan ya tashi ya shiga ɗakin yamma, na bi shi. Ya tsaya gaban bangon. An cike hudojin tun lokacin, amma wanda ya san wurin zai ga tabo shida.

Ya ce, "Ka san kantar nan a karkace take? Duk yadin da na ɗora sai ya gangaro."

Ban san lokacin da na yi dariya ba. Shi ma ya yi, har tari ya kama mu duka biyu.

Da muka dawo ya ce, "Yaya, buga ƙusarka. Abin da ya kawo ni ke nan. Idan ni kake jin nauyi, na yafe. Ba zan ce komai ba, matata ma ba za ta ce ba, na riga na ja mata kunne."

Na ce masa, "Na fitar da kai da 'ya'yanka a kan shida. In buga takwas in zauna?"

Ya ce, "To ni da aka yi wa na ce ba komai."

Na ce shi ya sa.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Za ka ba ni haƙuri ne, ko sai na roƙa?"

Na ba shi. Bai yi tsawo ba, kuma ba zan kwafe shi a nan ba. Na ƙara da cewa abin da na yi kuskure a kai shi ne yadda na yi, ya kamata in hau in taya shi cirewa da hannuna, mu biyu, ba baƙo a ciki. Amma kantar dole ta sauka. Ya ce, "Na sani. Ka gan ni da guduma?"

Inuwa ta cinye titi muna zaune. Ya tashi ya rufe tagogin yamma, daga ta kusurwa ya fara, kamar yadda mahaifinmu ya koya mana. Da zai sauka na ce ya riƙa jingina da bango. Ya ce, "A'a, kada a sake rubuta wa hukuma a kaina."

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na aika aka kira Auta. Na ce mata ta turo mota ran Juma'a.

Ta tsaya tana kallona kamar tana jiran sauran maganar. Ta ce, "Baba, izinin fa yana hannunka." Na ce na san inda yake. Ta ce, "Ka fi son ka bar gidan da a taɓa shi." Na ce ba ni na fara zama a cikinsa ba, kuma ba a gina shi don ya ƙare da ni ba. Ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Na gindaya mata sharaɗi ɗaya, ba zan fita ba sai an sami mai buɗe tagogi.

Na sha shayi kofi biyu.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Hukuma ta ɗauki mai kula. Magidanci ne, ya yi shekara ashirin yana dako a kasuwar nan kafin bayansa ya hana shi. Karatunsa kaɗan ne, don haka ban ba shi takarda ba, na zaunar da shi kwana biyu yana yi ina kallo.

Jiya ya rufe na gabas da wuri. Na ce ya dubi rumfar mahauta, ba agogo ba, domin rana tana sauya hanya da watanni. Ya ce, "Idan aka tashi rumfar fa, Baba?" Tambaya mai kyau. Na nuna masa tsagar da ke dakalin taga ta biyu, inda haske yake kaiwa a daidai lokacin. Wannan ko Auta ba ta sani ba.

Ya tambaye ni ko ya halatta kafaɗarsa ta taɓa bango, don shi ya saba. Na yi tunani. Na ce hannu ne aka hana. Kafaɗar ɗan dako ba ta cikin ƙa'ida.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe uku na rana

Injiniya ta zo karɓar gida. Ɗaki ɗaki muka bi, ita da fitila da littafi, ni a kujera mai kula yana matsar min da ita. Ta duba azara, ta duba marafan tagogi, ta duba sito. Awa uku. A ɗakin yamma ta tsaya gaban tabo shida, ta ce suna cikin fayil. Na ce ta rubuta kusa da su cewa tela ne ya yi su, ɗan gidan, kuma an daidaita.

Na zaro takardar izini daga ƙarƙashin buta, da zoben ruwan shayi a kanta, na miƙa mata. Na ce ta soke ta a rubuce, don kada wani ya zo bayana ya same ta a fayil ya ce ai an taɓa yarda. Ta ja layi biyu, ta sa hannu, ta sa kwanan wata.

A shafin ƙarshe akwai wurin da aka rubuta "halin bangon matakala". Ta juyo da littafin ta ba ni alƙalami, ta ce ni zan cike. Na rubuta: kamar yadda aka same shi.

Ba gogewa.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na buɗe na gabas da kaina, bakwai daidai. An sauke akwatuna. Auta tana ƙasa, ta ce mai kula zai goya ni. Na ce ya tsaya a gindin matakala ya jira, ita kuma ta juya baya idan ba za ta iya kallo ba.

Zan rufe littafin in sa a aljihu. Da ƙafa zan sauka.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na sauka da ƙafa. Mai Agogo ya ce minti tara, amma agogonsa ne.

Gidan Auta a sabuwar unguwa yake, ƙasa ɗaya, ba tudu ba gangare. Ɗakina yana da taga ɗaya mai gilas, tana kallon katangar maƙwabci. Bayan gida taku huɗu daga gado. An yi min shimfiɗa mai kyau. Ba warin komai.

Da rana surukina ya shigo da hoton mahaifiyar Auta, wanda shekara da shekaru yake jingine a kan akwati domin ba inda za a rataye shi. Ya zo da guduma da ƙusa a hannu. Ya ce, "Baba, nuna min inda kake so." Sai ya ga ina kallon gudumar, ya rasa yadda zai yi da ita, ya mayar da ita bayansa.

Na ce ya ba ni.

Rabona da riƙe guduma tun kafin a haifi matarsa. Ƙusa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta faɗa bayan gado. Auta tana bakin ƙofa tana kallo. Ta uku ta shiga. Na rataye hoton saitin gado, na ja baya na duba.

Ya ɗan karkace. Na ce a bar shi haka, zan nuna wa ƙanena idan ya zo ran Laraba.